Zuma ko mazarƙwaila, wanne zan saya wa maigida?

Saƙonni biyu na ɗauko a makon nan, duk a kan suga. Na farko daga wata baiwar Allah ce a Tudun Wada, ta ce an gwada jinin maigidanta da safe kafin ya karya an samu awon sugansa ya kai 112, likita ya ce bai kai ciwon suga ba amma ya kusa, shi ne take so ta daina sayen farin suga ta koma zuma ko mazarƙwaila, wanne ya fi?

Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya, kuma wallahi kin kyauta da kika tashi tsaye tun yanzu. Daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ƙofa ne, sai ya kai 126 an sake gwadawa an tabbatar ake kiransa ciwon suga, kuma ana dawowa baya daga inda yake ɗin nan in an gyara cin abinci ana motsa jiki. Amma gaskiya zan gaya miki, canza sunan zaƙin ba zai fisshe ku ba. Mazarƙwaila ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, farin sugan ma daga rake yake, tace shi kawai aka yi. Irin mazarƙwailar da ake kawowa daga wajen Maƙarfi, ki gutsuro ki jefa a koko mai zafi ƙamshinta ya cika ɗaki, babu mai cewa ba daɗi, sai dai jini bai san ƙamshi ba. Zuma kuma babu mai musun albarkarta, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, in ya rinƙa tsiyaya ta a shayi don an ce magani ce to zai iya shan fiye da abin da yake sha da, balle a yi rashin sa'a ki sayo wadda aka haɗa da dafaffen suga a jarka.

Kinga abin da ke faruwa a ciki, suga na isa hanji sai ya rabu biyu, gulukos da furuktos. Gulukos ya shige jini, sai wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna pankiriyas ta saki insulin, shi ke ƙwanƙwasa wa tsoka ƙofa ta buɗe ta karɓa. Furuktos kuwa hanta ce ke fama da shi, in ya yi mata yawa ta mayar da shi kitse. To in kullum ana bugun ƙofar nan safe da rana da dare, ga ƙiba ga zama wuri ɗaya, a hankali masu gida sai su daina amsawa da wuri, suga ya yi ta yawo a jini. Inda maigida ya dosa kenan.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce babba kada ya wuce wajen giram 50 na sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha a yini, ƙaramin cokalin shayi 12 kenan, in ya tsaya a 6 ya fi, kuma zuma tana cikin lissafin. Gobe da safe ki tsaya ki ƙirga, cokali uku a shayi kuma cike da tozo, biyu a koko, ga zoɓon rana ga fura da yamma. Ki rinƙa rage cokali ɗaya duk mako, harshe yana sabawa. Kuɗin zumar nan ki kai su Kasuwar Sabon Gari ki sayo wake da zogale da gyaɗa da kifi, a rage tudun tuwo a ƙara miya, bayan isha'i ya ɗan taka ko na minti 30 ne. In akwai zuma a gida ƙaramin cokali ɗaya ya isa, kuma dan Allah kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da cikinsa ba zai iya da ita ba.

Na biyu ɗalibi ne a Samaru, ya ce jarabawa ta matso kuma ya ji ƙwaƙwalwa da suga take aiki, yana so ya ajiye katon ɗin lemon kwalba saboda karatun dare, ko ya saya?

Ƙanena, rabin maganar da ka ji gaskiya ce. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma tana cinye wajen kashi 20 na ƙarfinsa, gulukos kusan giram 120 a yini. Sai dai jiki yana samo shi daga tuwo da wake da dankali, a hankali yake sakinsa yadda za ka daɗe a zaune kana fahimta. Lemo kuwa lokaci guda yake afkawa jini, ka ji garau na ɗan lokaci sannan kasala ta biyo baya, kuma zaƙi yana tsokano sinadarin dofamin mai sa jin daɗi, shi ya sa hannu ke komawa cikin katon tun ba a ji ƙishi ba. Juya robar ka duba bayanta, yawanci za ka ga wajen giram 10 a kowane mililita 100, ka ninka sau biyar in ta 50cl ce, wato mililita 500, roba ɗaya ta cinye maka rabon yini guda, ga haƙori da zai kwana cikin zaƙi.

Kada ka sayi katon ɗin. Ka ci wake da shinkafa ko ɗanwake da magariba, ka shiga aji da gorar ruwa da ƙullin gyaɗa da dabino uku ko ayaba, in barci ya ci ƙarfinka ka je ka kwanta, don cikin barci ne abin da ka karanta yake zama a kai. Allah ya ba da sa'a.