Ciwon ya tafi cikin kwana uku, sai in ajiye maganin?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 67. Wata biyu na yi ina tashi da asuba kafaɗuna da ƙuguna a sandare, ɗaura ɗankwali ya gagare ni, ɗagowa daga sujada sai an kama ni. Bayan gwajin jini likita ya ce sunan ciwon polimayaljiya rumatika, ya ɗora ni a kan prednisolone miligiram 15 kullum. Kwana uku na miƙe garau. Yanzu ƙanwata ta ce ai wannan sha-ka-fashe ne, zai kumbura ni ya kashe min ƙoda, gara in koma maganin sanyi. Hankalina ya tashi. Wankan asuba da ruwan randa ne ya jawo min? Kuma tunda na warke, ba sai in daina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki ajiye maganin nan ko da na kwana ɗaya ne. Zan dawo kan dalili.

Ruwan randa ba shi da laifi, kuma ba jifa ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jikinki ce ta tayar da kumburi a rufin gaɓoɓi da 'yan jakunkunan ruwa da ke kewaye da kafaɗa da ƙugu, shi ya sa alamomin kumburi da aka auna a jininki, wato ESR da CRP, suka hau. Babban abin da ke kawo shi shekaru ne: da wuya a gan shi kafin 50, ya fi kama waɗanda suka haura 70, kuma mata sun ninka maza. Akwai gado a ciki, don ya fi yawa a mutanen arewacin Turai irin su Norway da Sweden. Masu bincike suna zargin wata cuta mai wucewa, kamar mura, kan iya tsokano shi a jikin da ya riga ya gaji halin. A wajenmu ba a cika ganinsa ba, wanda ya samu kuma sai ya shekara ana kiransa sanyin ƙashi. Kin yi sa'ar likita.

To, batun warkewa. Ba ki warke ba, Hajiya, an dai danne kumburin ne. Saurin sauƙin da kika gani halin ciwon ne, har ma yana cikin abin da ke ƙara wa likita tabbacin ya gano daidai. Amma magani yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, ana ragewa kaɗan-kaɗan, kuma kusan rabin masu shi ciwon yakan motsa musu a lokacin ragewar, sai a ɗan koma baya.

Dawowar ciwon ma ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da ke samar da sinadarin kotizol, wanda ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukari, musamman in jiki ya shiga wahala. Prednisolone ɗan'uwansa ne. In mutum ya wuce mako uku yana sha, ƙullin nan sai ya kwanta ya bar aiki, tunda ana kawo masa daga waje. Ranar da aka yanke maganin farat ɗaya, babu na kwali, babu na jiki. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ga an shigo da dattijuwa a rirriƙe, tana ta amai, gumi mai sanyi ya jiƙe mata riga, an ɗaura abin awon jini an rasa abin karantawa. Ka tambayi 'ya'ya, a ce ai ta ji sauƙi ne, wata maƙwabciya ta ce maganin ba shi da kyau. Wannan yana kisa, kuma zazzaɓin maleriya kaɗai ya isa ya tura mutum can.

Abin haushi shi ne maganin sanyin da ake so ki koma. Haɗin da yaron kemis ke ƙullawa a farar leda, ja biyu fari ɗaya ba suna, sau da yawa diclofenac ne, maganin kashe raɗaɗi, da dexamethasone. Dexamethasone kuwa dangin prednisolone ne da ya fi shi ƙarfi wajen ninki shida, shi ne ma ɗaya daga cikin abin da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Diclofenac da ire-irensa su ne masu lalata ƙodar tsofaffi, in aka haɗa su da naki kuma sai gyambon ciki da aman jini. Wato an tsorata ki da maganin da aka auna miki, za a miƙa miki babban wansa ba awo. Ruwan jarka da ake tallarsa da lasifika a bakin kasuwa kuwa, wanda wai yana maganin sanyi da basir da shawara duka, mai sayarwar ya taɓa ganin sakamakon jininki? Ranar da kika faɗi, yana wata kasuwar.

Ƙanwarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Maganin yana cika fuska, yana buɗe ciki, yana iya tayar da sukari da hawan jini, yana cinye ƙashi, yana kawo yanar ido. Shi ya sa ake ragewa, ake awon sukari da jini a kai a kai, ake ba da kalsiyam da bitamin D, wani lokaci da maganin ƙarfafa ƙashi. Ki sha shi da safe bayan kin ci abinci, in azumi ne da sahur. Ki rage gishiri da lemon kwalba, ki riƙa taka ƙafa kullum. In ba a duba ki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B ba, ki tuna wa likitanki, don maganin yana iya tayar da su in suna kwance. Ki rubuta sunansa da adadin da kike sha a takarda, ki sa a jakar hannunki. In amai ya hana ki riƙe shi, asibiti za ki tafi ranar.

Abu ɗaya kuma ki karanta wa duk mutanen gidanki. Wasu masu ciwon nan suna samun kumburin jijiyoyin jini na gefen kai. In kika ji sabon ciwon kai a gefen goshi, ko fatar kai tana zafi in mataji ya taɓa, ko muƙamuƙi yana gajiya kina tsakiyar tauna, ko gani ya dushe ko ya rabu biyu ko da na minti ɗaya ne, kada a jira gari ya waye. Idon da ya tafi ta wannan hanya yawanci ba ya dawowa, kuma miligiram 15 bai isa ya kare shi ba. Ranar komawarki asibiti ki tafi da ƙanwar taki, ta kawo ledar maganin sanyin a buɗe ta gaban likita.