Amsa: Yayana ya ƙi yarda motarsa ta cuce shi

Ɗan'uwa, ka ce yayanka ya sayi mota ta hannu, kusan kullum tana wajen bakanike, shi kuma yana Panteka neman kayan gyara, amma ko a zaure aka taɓo maganar sai ya ce ai irinta babu a Kaduna. Ba ƙarya yake yi da gangan ba. Abu biyu ne suke rikici a zuciyarsa: "ni mai wayo ne wajen ciniki" da "an sayar mini da ruɓaɓɓiyar mota". Ɗaya dole ya ba da wuri, kuma canza labarin mota ya fi sauƙi a kan canza yadda mutum yake kallon kansa.

Leon Festinger, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi bayanin wannan a 1957. A wani bincike da aka wallafa a 1959, shi da James Carlsmith sun sa ɗaliban Jami'ar Stanford wani aiki mai gundura, sannan suka biya su don su gaya wa na gaba cewa aikin da daɗi. Wasu dala 1, wasu dala 20. Masu dala 1 ne daga baya suka fi cewa aikin ya yi musu daɗi! Mai dala 20 yana da hujjar ƙaryarsa a aljihu. Ɗayan ba shi da ita, sai zuciyarsa ta ƙirƙiro masa.

Don haka ka daina tsare shi a gaban mutane, ƙara kafewa zai yi. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Yaya, ai ko dillali ana iya rufe masa ido a wannan harka." Sannan ku zauna ku lissafa kuɗin gyaran wata uku.