Filin Tambaya: Kifi mai siffar maciji da gansakukar da ta rufe gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Yayana ya kawo mini wani kifi daga Legas, dogo kamar maciji, baƙi-baƙi da jan zane a gefensa, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Na sa shi a tankin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, na ajiye kusa da taga. Yanzu gilashin ya yi kore shar, kifin ba ya fitowa da rana, kuma ya ƙi cin abincin kifi na leda. Wani ya ce in sayi maganin gansakuka in zuba. Me kake ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, kada ka zuba maganin nan. Wasu daga cikin magungunan kashe gansakuka da ake sayarwa suna ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, kuma irin kifinka fatarsa laushi gare ta, ɓawon da ke jikinsa ƙanana ne ƙwarai, ba ya tare komai. Abin da zai kashe koren zai iya tafiya da kifin tare.

Daga yadda ka siffanta shi, wanda masu sayar da kifin ado ke kira fire eel ne, ɗan asalin kogunan Kudu maso Gabashin Asiya, irin su Tailan da Indonesiya. Ƙaramin da ke hannunka jariri ne. A kogi yana kai mita ɗaya, a cikin tanki ma yakan wuce santimita 60 idan ya samu kulawa. To yi lissafi da kanka: tsawo sau faɗi sau tsayi, ka raba da 1,000, sai ka samu lita. Naka lita 54 ne. Babban kifi irin wannan yana bukatar tanki mai tsawon santimita 180, faɗi da tsayi 60-60, wato kusan lita 650. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga ana maganar nauyin kusan kilo 650 kafin a haɗa da gilashi da yashi. Ba abin da za a ɗora kan teburin karatu ba ne, kuma ba na jin ɗakin ɗalibi zai ɗauka.

Gaskiyar da zan faɗa maka: ka riƙe shi na ɗan lokaci, amma ka fara neman wanda ke da babban tanki. Idan sha'awar irin wannan siffar ce ta kama ka, akwai ɗan'uwansa ƙarami mai ɗigo-ɗigo kamar idanu kusa da wutsiya, da ake kira peacock eel, wanda ba ya wuce santimita 30. Tanki mai tsawon santimita 90 zuwa 120 ya ishe shi. Akwai kuma namu na gida, wani siririn kifi mai kama da igiya da ake kamawa a yankin Neja Delta, wanda sunansa na kimiyya ma daga garin Kalaba aka samo shi. Shi yana da huhu, yana hawowa sama ya shaƙi iska, don haka ɗaukewar wuta ba ta galabaitar da shi kamar sauran.

Ɓuyan da yake yi da rana ba ciwo ba ne, ɗabi'arsa ce, da dare yake kiwo. Ka cire tsakuwa mai kaifi idan ita ka shimfiɗa, ka zuba yashi mai laushi da aka wanke sosai, kaurin yatsa uku, domin yana son binne jikinsa ya bar hanci kawai a waje. Tsakuwa tana kankare masa fata, daga nan sai ciwo ya shiga. Ka jefa masa guntun bututun roba na ruwa ya riƙa shiga. Abinci kuwa, ka manta da na leda. Ka haƙo tana a ƙasa mai damshi inda ba a fesa maganin ƙwari ba, ka wanke, ka yanka, ka ba shi bayan magariba da fitila a kashe. Ɗanyen jatan lande da aka ɓare ma yana ci. Abin da ya rage da safe ka kwashe.

Sai murfi. Waɗannan kifaye gwanayen tserewa ne, ramin da wayar famfon iska ke bi ma ya ishe su. Ka toshe shi da soso, ka ɗora abu mai nauyi a kan murfin.

Yanzu gansakuka. Abu biyu ke ciyar da ita: haske da dattin ruwa. Tagar nan ita ce babbar mai laifi, ga ragowar abincin da kifin ya ƙi ci yana ruɓewa a ƙasa. Ka matsar da tankin inda rana ba ta dukansa, fitila kuma awa 6 zuwa 8 a rana ta wadatar. Ka goge gilashin da sabon soso da bai taɓa ganin sabulu ba. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana bin saman yashin, ka mayar da sabo. Idan ruwan famfo ne, ka sa maganin cire kulorin; ruwan burtsatse ka bar shi ya kwana a ɗaki don zafinsa ya daidaita. Idan ruwan kansa ne ya zama kore, ba gilashin kaɗai ba, lulluɓe tankin da bargo kwana 3 zuwa 4, famfon iska yana aiki. Soson matatar ruwa kuwa a cikin tsohon ruwan tankin ake wanke shi, domin ƙwayoyin halittar da ke narkar da kashin kifin a jikinsa suke zaune, ruwan famfo yana kashe su.

Za a ce maka ka sayi kifin nan mai lasar gilashi. Kada ka yarda: shi ma yana kai santimita 40, kashinsa kuma ya fi abin da yake sharewa yawa.

Tunda Zariya kake, ka yi shirin hunturu tun yanzu. Kifin yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28, sanyin asubar Disamba da Janairu kuwa yana iya saukar da ƙaramin tanki ƙasa da haka. Ka nemi ɗan ma'aunin zafi da na'urar ɗumama ruwa mai kariyar roba, don kada ya naɗe a jikinta ya ƙone.