Mai bi zai iya yin digiri na biyu a fannin hada-hadar kuɗi?

Tambaya: Na gama digirin farko a fannin akanta, ina so in ɗora da na biyu a harkar kuɗi da zuba jari. Wani dattijo a ikilisiyarmu ya ce karatun cin kuɗin ruwa ne kawai, bai dace da mai bi ba. Hankalina ya rabu biyu.

Amsa: 'Yar'uwa, ki je ki yi karatunki. Sai dai kada ki watsar da maganar dattijon, tana da tushe. Fitowa 22:25 ta hana karɓar ruwa a hannun matalaucin da ya ci bashi, kuma a 1179 babban taron shugabannin ikilisiya na uku a fadar Lateran da ke Roma ya hana masu ba da bashi da ruwa cin Jibin Ubangiji.

Amma ki duba wanda dokar take karewa: mutumin da yunwa ta kai shi ƙofar mai kuɗi. Shi ya sa John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, a wasiƙarsa ta 1545, ya yarda da ruwa daidai gwargwado a bashin kasuwanci, ya haramta shi a kan talaka. A Matiyu 25:27 ma, a misalin da Yesu ya bayar, laifin bawan da ya binne kuɗin da maigidansa ya ba shi shi ne bai kai su wurin masu banki ba. Kuma Luca Pacioli, wanda ya wallafa tsarin rubuta shiga da fita a gefe biyu a 1494, mai bi ne, ɗan ɗarikar Faransiskan ta Katolika.

Abin da ya fi damuna yana wurin aiki, ba a aji ba. Rikicin kuɗi na 2008 ya taso ne daga bashin gidaje da aka riƙa ba mutane a Amurka, alhali an san da yawansu ba za su iya biya ba, aka ƙunsa shi aka sayar wa masu zuba jari. Masu ilimi ne suka yi wannan lissafin. Wata rana ke ma za a ajiye miki irin takardar nan a ce ki sa hannu, kuma ba za ki gane haɗarin da ke cikinta ba sai kin ƙware.

Don haka ki zaɓi makarantar da ke koyar da ƙididdiga da auna haɗarin jari sosai, ko ta Kirista ce ko a'a. Ki tambaya ko darasin ɗa'ar sana'a wajibi ne a can. In zuciyarki na ga talakawa, ki yi bincikenki na ƙarshe a kan ƙananan rance da ƙungiyoyin adashi da lamuni.