Oba-oba Mai Araha: Kilomita Nawa Take Kaiwa a Zahiri?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan ƙananan rediyon hannu suke, waɗanda muke kira oba-oba. Masu gonaki, 'yan sintiri da masu gadin kasuwa suna sayen su saboda wuraren da sabis ɗin waya ke ɗaukewa, kuma korafin ɗaya ne: ba ta kai inda aka ce za ta kai ba.

Tambaya: Malam, na sayi Baofeng BF-888S guda huɗu saboda gonata da ke wajen Zariya. Tsakanin gida da gona kilomita 6 ne. Mai shago ya ce kilomita 10 ma tana yi, amma da na wuce kilomita 2 sai murya ta fara yayyankewa. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Alhaji, da wuya jabu ce. Abin da ka gani shi ne ƙarfinta na gaskiya idan mutum biyu suna tsaye a ƙasa. Lambar da ake rubutawa a jikin kwali ta wurin da babu komai a tsakani ce, misali daga kan wani dutse zuwa kan wani, kuma ba a nan kake aiki da ita ba.

BF-888S tana aiki ne a zangon rediyon da ake kira UHF, tsakanin megahaz 400 da 470. Siginar wannan zangon tafiyar haske take yi: a miƙe, ba ta tsallake lanƙwasar ƙasa kamar gajeren zangon da ake kama tashoshin ƙasashen waje da shi. Saboda haka tsayin eriya daga ƙasa shi ke yanke mata iyaka. Lissafin ba shi da wuya. Auna tsayin eriyarka da mita, ka danna alamar √ a kalkuletar waya. Yi haka da tsayin eriyar abokin maganarka. Haɗa biyun, ka ninka da 4.1. Abin da ya fito shi ne iyakar kilomitar da za ku iya ganin juna ta fuskar sigina.

Mutum biyu a tsaye, eriya a daidai baki, wajen mita 1.5 kowanne: kilomita 10 ke nan. Ka ga inda mai shago ya samo lambarsa. Sai dai wannan iyaka ce ta takarda, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Sigina ba siririn zare ba ce. Tana buƙatar sarari kewaye da hanyarta, kuma sararin ya fi faɗi a tsakiyar tafiya, kamar cikin gora. A tazarar kilomita 5 a wannan zangon, faɗin ya kusa mita 30 daga tsakiyar layi zuwa kowane gefe. Rediyon da ke mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ƙasar kanta ta riga ta cinye rabin wannan sararin tun kafin a zo maganar bishiyar kuka, tudu ko gidajen ƙauye. Shi ya sa a fili buɗaɗɗe abin da za ka sa rai shi ne kilomita 2 zuwa 4, in an yi dace 5. A cikin gari, kilomita 1 zuwa 2. A cikin gine-ginen siminti masu rodi, wani lokacin 'yan ɗaruruwan mita.

Maganin matsalarka yana gida, ba a gona ba. Ɗaga eriyar gida sama. Idan ta hau mita 9, lissafin nan ya koma kilomita 17; a mita 25, kamar kan hasumiyar tankin ruwa, ya haura 25. Kilomita 6 ɗinka sai ta shigo tsakiyar iyaka maimakon bakin gaɓa. Kafin ka kashe ko kwabo, gwada: a sa yaro mai hankali ya hau bene ko soro da rediyo ɗaya, kai kuma ka hau babur ka nufi gona, kana tsayawa duk bayan rabin kilomita. Taswirar waya za ta nuna maka tazara. A kowane wuri rubuta ɗaya daga cikin uku: murya tas, murya da shuu, ko yankewa. Kuma ka maimaita gwajin da damina. Dawa da masara in suka wuce tsayin mutum, ga ganye jiƙe da ruwa, suna shan siginar UHF sosai. Wurin da kuka yi hira lafiya lau a watan Fabrairu zai iya yin shiru a Agusta.

Don ka ga yadda sarari ke aiki: masu sha'awar rediyo kan kama tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a kan megahaz 145.800 da irin waɗannan rediyon hannu na VHF (wani zango da ke ƙasa da UHF), alhali tana sama da mu da kusan kilomita 400. Babu katanga ko ɗaya a tsakani, shi ke nan sirrin.

Tambaya: Na ga wata an rubuta wat 8, wata wat 10, har da mai 18. Idan na bar mai wat 5 na koma mai 10, nisan zai ninka?

Amsa: Ba zai ninka ba, ko kusa. A sararin da babu komai, sai ka ninka ƙarfi sau 4 kafin nisa ya ninka sau 2. Kusa da ƙasa kuwa, inda siginar da ta daki ƙasa ta dawo take cin karo da wadda ta tafi kai tsaye, abin ya fi muni: sai wajen sau 16. Daga wat 5 zuwa 8 ƙarin nisan wajen kashi 12 cikin ɗari ne kawai. Daga 5 zuwa 10, kashi 19. Wato wanda ke kai kilomita 2 zai samu ƙarin mita 400, batirinsa kuma ya riƙa mutuwa da wuri, rediyon na zafi a hannu. Ninka tsayin eriya sau 2 kuwa daidai yake da ninka wat sau 4, ba tare da an taɓa batir ba.

Sannan ba girin-girin ba, ta yi mai. Lambar jikin kwali sau da yawa ado ce. BF-888S da ake tallata ta a matsayin wat 5, masu auna ta da na'ura galibi wajen wat 2 suke samu, kuma batirinta mai bolt 3.7 bai ma isa ya ba da abin da ya wuce haka da yawa ba. UV-5R, wata oba-obar Baofeng mai batir bolt 7.4, tana ba da wat 4 zuwa 5 a babban ƙarfi, wat 1 a ƙarami. Rediyon da bai fi tafin hannu ba a ce maka wat 18, wuce kawai.

Akwai kuma ƙananan nan masu kala-kala da ake shigowa da su daga Turai, na tsarin PMR446. Su doka ce ta ƙayyade su a rabin wat, da eriyar da ba ta cirewa. Sun wadatar a wurin biki, makaranta ko shago da sito, amma ba na gona ba ne.

Tambaya: Mu masu gadin kasuwa ne, shaguna a cunkushe, rufin kwano ko'ina. VHF za mu saya ko UHF?

Amsa: UHF. Tsawon igiyar siginarta wajen santimita 67 ne a megahaz 446, don haka tana kutsawa ta ƙofa, taga da lungu, tana dukan kwano ta karkata ta ci gaba. Ta VHF kusan mita 2 ce, ta fi dacewa da daji, gona da hanya. UV-5R tana da duka biyun (megahaz 136 zuwa 174, da 400 zuwa sama), sai ku gwada ku gani.

A kasuwa, wurin tsayawa ya fi komai. Mai gadin da ke cikin rumfa tsakanin ƙofofin ƙarfe biyu, in ya fito bakin layi ya matsa taku uku, muryar da ke yankewa sai ta washe. Dalili kuwa siginar na zuwa ta hanyoyi da dama, a wani wurin su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna, kuma tazarar da ke tsakanin wuri mai kyau da maras kyau ba ta kai kamu biyu ba. Ku ajiye mutum ɗaya a saman bene mafi tsawo ya zama mai isar da saƙo. Wanda ke kan Dutsen Dala zai ji unguwannin Kano da wanda ke cikin Kasuwar Kurmi ba zai taɓa ji ba, da rediyo iri ɗaya. In kasuwar babba ce ƙwarai, sai na'urar maimaita sigina, wadda ake kafawa a sama tana karɓa a zango ɗaya tana sake watsawa a wani. Wannan aikin ƙwararre ne, kuma sai da lasisi.

Tambaya: Canza eriya yana da amfani? Kuma me ya sa a cikin mota ba a ji na?

Amsa: A nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Eriyar da ta dace tsawonta rubu'in igiyar sigina ne: wajen santimita 50 a VHF, 16 zuwa 17 a UHF. Guntuwar robar da ke zuwa a kwali ta yi kusa da daidai a UHF, amma a VHF waya ce aka nannaɗe aka gajarta, tana zubar da ƙarfi. Doguwa irin Nagoya NA-771, mai kusan santimita 39, tana kawo bambancin da kunne ke ji a VHF. A kula, jabunta sun cika kasuwa, wasu ma ba su kai ta kwali ba. A kuma duba bakin ɗaurawa: UV-5R da BF-888S suna da allura a jikinsu, don haka eriya mai rami suke karɓa. In aka ɗaura mai allura, ko dai ba za ta shiga ba ko ta lanƙwasa ta ciki. Kada a taɓa danna maɓallin magana babu eriya. Ƙarfin da bai samu mafita ba yana komawa ya ƙona tiranzistar fitarwa.

Riƙo ma yana da nasa. Eriya ta kalli sama a miƙe. Idan ɗaya ya riƙe a tsaye ɗayan ya kwantar da tasa kamar mai amsa waya, asarar za ta iya kai kashi 90 cikin ɗari ko fiye. Rediyon da ke maƙale a ƙugu ana magana ta igiyar kunne, jikin mutum ya tare rabin hanya, ga shi ta sauko ƙasa da mita ɗaya.

Mota kuwa akwatin ƙarfe ce. Sayi eriya mai gindin maganaɗisu ka dasa a tsakiyar rufi, ka shigo da wayar ta ƙofa ba tare da ta matse ba. Wanda zai kafa eriya a rufin gida ya lura da wayar: siririyar RG-58 tana cinye kusan rabin ƙarfi a mita 10 kacal a UHF. Ko dai a rage tsawonta, ko a sa mai kauri irin RG-213. A naɗe mahaɗin da tef mai hana ruwa, kuma da hadari ya haɗu a cire wayar daga rediyon saboda tsawa.

Tambaya: Ina jin abokan aikina sarai, su ba sa ji na. Wani lokacin ma muna tsakar gida ɗaya fitila na kamawa amma babu murya.

Amsa: Matsala biyu ce daban. Ta farko galibi batir ne. Sauraro ba ya cin wuta sosai, magana ce ke ci, don haka gajiyayyen batir zai bar ka ka ji amma ya durƙushe da zarar ka danna. Auna shi bayan caji: na UV-5R ya kamata ya nuna kusan bolt 8.4, na BF-888S 4.2. In yana faɗuwa da sauri ko ya kumbura, ya gama. Duba kuma TXP, saitin ƙarfin aikawa, lamba 2 a jerin saitin UV-5R, ko yana kan ƙaramin ƙarfi.

Ta biyun, fitila ba murya, siririn sautin kulle ne da ake kira CTCSS, tsakanin haz 67 da 254. Rediyon da aka sa wa shi ba ya buɗe lasifika sai ya ji irinsa. A UV-5R lamba 11 ta karɓa ce, 13 ta aikawa. 10 da 12 na ɗan'uwansa DCS ne. Ku daidaita su duka, ko ku kashe. Kuma wannan ba sirri ba ne: duk wanda ya kashe nasa yana jin komai da kuke faɗa, abin da 'yan sintiri ya kamata su riƙe da kyau. Sai SQL, lamba 0, wanda ke hana shuu: in ya yi sama yana toshe raunanan sigina, a bar shi a 1 zuwa 3. Lamba 5 ta faɗin zango ce, in ba ta zo ɗaya ba murya kan fito ƙasa-ƙasa ko a dagule. BF-888S ba ta da allo, sai da igiyar kwamfuta da manhajar CHIRP, wadda kyauta ce.

Abu ɗaya da saiti ba ya gyarawa: kunnen waɗannan masu arahar ba shi da matacin kirki. Kusa da gidan rediyon FM ko wata babbar eriyar watsawa sukan kurumce, doguwar eriya ma ta ƙara dagula lamarin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In aikinku a irin wurin yake, sai ku haura zuwa Motorola, Kenwood ko Icom.

Tambaya: Akwai wadda aka ce tana kai kilomita 5,000. Gaskiya ne? Kuma ana buƙatar izini?

Amsa: Waccan waya ce sanye da rigar oba-oba. Layin waya ake sa mata, da data take aiki, don haka Kano zuwa Legas ba komai ba ne a wurinta, amma inda sabis ya ɗauke ita ma ta mutu.

Izini kuwa, eh. A Najeriya Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya da hukumar NCC ke kula da rabon zango, a Nijar hukumar ARCEP. Tashoshi 16 da BF-888S ke zuwa da su daga masana'anta ba wai an ware wa jama'a su ba ne. Megahaz 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 na masu lasisin sha'awar rediyo ne, 156.800 kuma na kiran gaggawa ne na jiragen ruwa. Ƙungiyar sintiri ko ta kasuwa ta nemi zangonta a hukumance da sunan ƙungiya, ta sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, sannan a saita duka rediyon a kansa rana ɗaya da kwamfuta ɗaya.