Me ya bambanta lambar 2,147,483,647 da sauran lambobi?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhajar kwamfuta, kuma an gaya mana cewa 2,147,483,647 ita ce iyakar da ma'ajin lamba mai bit 32 (wato gurabe 32, kowane na ɗaukar 0 ko 1) zai iya ɗauka. Shin a fannin lissafi tana da wani matsayi na musamman?

Amsa: Ɗan'uwa, tana da shi ƙwarai, domin masana lissafi sun san darajarta tun shekaru aru-aru kafin a ƙera kwamfuta. Idan ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, za ka sami 2,147,483,648, to da ka debe 1 sai wannan lamba ta fito. Mara ce, tunda da 7 ta ƙare, kuma 3 ba ta raba ta, saboda jimillar alƙalumanta 46 ce, wadda ita ma 3 ba ta raba ta.

Babban matsayinta shi ne lambar firam ce, wato babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Tana cikin rukunin da ake jingina wa Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17, wato firam ɗin da ake samu idan aka jera 2 aka ninka su da juna sannan aka debe 1, kuma ita ce ta takwas a cikinsu, bayan waɗanda ake samu idan aka jera 2 guda 2, 3, 5, 7, 13, 17 da 19. Kada ka ɗauka wannan hanya kullum firam take haifarwa, domin idan ka gwada da 11 za ka sami 2,047, wadda 23 sau 89 ce.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da cewa firam ce a shekarar 1772, kuma a ganina dabararsa ta fi sakamakon kansa cancantar a tsaya a kanta. Ba sai an gwada kowace lamba ba, ya isa a tsaya a 46,340, domin 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce ta. Daga nan ya yi amfani da hujjar cewa duk firam ɗin da zai raba ta dole ne ya bar sauran 1 ko 63 idan aka raba shi da 248. Da wannan sai dubban lambobi suka koma ƙasa da 400, aikin da mutum mai haƙuri zai iya gamawa da alƙalami da takarda.

Haka kuma, idan aka ninka ta da 1,073,741,824 ana samun 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliyar lamba, irin wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, take daidai da ita, kamar yadda 1 da 2 da 3 suke ba da 6.

Game da kwamfuta kuwa, ana ware bit ɗaya cikin 32 domin nuna ko lambar tana ƙasa da sifili, sai 31 su rage, shi ya sa iyakar ta faɗo a nan. Tsarin Unix (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) mai bit 32 yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ƙirgen zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, dalilin da ya sa ake mayar da irin waɗannan na'urori zuwa bit 64.