Atishawar hunturu da kwalbar "sha yanzu, magani yanzu"

Wata uwa daga Marwa ta ce ɗanta mai shekara shida, da zarar hazo ya sauka sai idonsa ya yi ja, ya yi ta murza shi har ya kumbura. Maƙwabciya ta ce ta ɗiga masa ruwan albasa.

'Yata, kwantar da hankalinki, yara da yawa a ƙasarmu suna fama da wannan, kuma galibi yana raguwa idan sun girma. Amma don Allah kada albasa ko nonon uwa ko kwalli su kusanci idon nan. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi ki ɗora masa, ki wanke masa fuska in ya dawo daga makaranta, ki yanke masa farce. Kada ki sayi maganin ɗigawa wurin mai tebur. Wasunsu na ɗauke da sinadarin kotizon, wanda yawan amfani da shi ke kawo hawan jinin ido, har makanta. Ki kai shi likitan ido ya duba.

Wani Alhaji daga Garwa ya ce atishawa da toshewar hanci sun shekara suna damunsa, sai ya sayi wata kwalbar haɗin gargajiya jaka biyar a tasha. Daren farko hanci ya buɗe. Wata uku ke nan yana sha, har ya yi ƙiba, fuska ta ciko. Yana so ya san ko ya ƙaro katan.

Alhaji, wannan ƙibar ita ta tayar min da hankali. Ganyen da zai buɗe hancin shekara a dare ɗaya, ya buɗe ciki, ya kumbura kumatu, ni ban yarda ganye ne kaɗai ba. Sananniyar dabara ce: a daka ƙwayar dekzametazon, wani maganin asibiti dangin kotizon, a zuba cikin jiƙo, a liƙa takarda mai hoton zuma da habbatus sauda. Mai sha zai ji daɗi da farko, daga baya sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Kuma kada ka yanke shan haɗin nan yau-yau. Jikin da ya saba da irin wannan ƙwaya yakan rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kwantar da mutum. Ɗauki kwalbar ka kai asibiti, a gwada sukarinka da jininka, likita ya tsara maka yadda za a janye a hankali.

Abin da ke ƙona min rai, mutum zai tsaya ya yi ciniki kan ɗari biyu na tumatir, amma mai lasifika ya ce jaka biyar, sai ya zaro ba musu. Kwalba ba sunan wanda ya haɗa, ba ranar lalacewa, ba jerin abin da ke ciki, wai tana maganin asma da basir da sanyin mata gaba ɗaya! Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa a ƙasashe irin namu, kusan magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci. To ina ga wanda aka dama a bayan gida?

Alhaji, abin da zai taimake ka bai kai kuɗin goro ba. Tafasa ruwa lita ɗaya, zuba gishiri giram 9, wajen ƙaramin cokali ɗaya da rabi, bari ya huce, ka riƙa wanke hanci safe da yamma, kana sabunta shi kullum. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tsakanin Disamba da Fabrairu ba ka da iko da ita, sai dai ka rufe hanci da rawani ko takunkumi. Ta cikin ɗaki kuwa kana da iko: a yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da darduma a rana, a kori kyankyasai. Hajiya kuma ta yi haƙuri ta rage turaren wuta a ɗakin kwana, haka ma maganin sauro mai hayaƙi, a koma gidan sauro.

Wani daga Kusiri yana tambaya ko zumar Ngawundere na warkar da atishawa. Zuma da citta da lemun tsami a ruwan ɗumi na sanyaya maƙogwaro da tari, iyakarta ke nan. Kada a bai wa jaririn da bai cika shekara ba.

Wani matashi daga Injamena kuma ya ce in ya ci gyaɗa leɓensa na kumbura, jiki ya yi borin jini, wai wane sassaƙe zai sha ya ci gaba da cin ƙuli-ƙuli? Haba ɗana, wannan ma tambaya ce? Babu shi. Bar gyaɗa da tunkuza da miyar da aka sa ta, ka sanar da mutanen gidanku. Ranar da ka ji maƙogwaro na shaƙewa ko numfashi na yin wuya, a hau babur da kai zuwa asibiti nan take, allurar adirenalin ake yi.